Kwalbar da ta Gaji

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a rugagen da ke kewaye da Ɗanzomo ya san abin da hakan ke nufi. Uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yi masa magana ido cikin ido. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni har na yi aure. Idan Baffa, wato mahaifin nawa, zai yi maganata sai ya ce "ta wajen Adda". Adda yake kiran Goggo. Ƙannena kuwa yana kiran sunayensu son ransa, har da na tsokana. Ina yarinya ban ɗauki abin a bakin komai ba, don haka na ga ana yi wa kowace 'yar fari. Sai da na girma ya fara ci mini rai.

Baffa makiyayi ne tun asali. Da shanun suka ƙare masa, wasu ciwo ya kwashe wasu aka sayar aka ci, sai ya gangaro Gumel ya sami aikin masinja a wata makarantar sakandare ta 'yan mata. Malamin kimiyya na lokacin ya lura da cewa mutumin nan ba ya fasa komai, ko kofin shayi aka ba shi riƙe shi yake da hannu biyu, sai ya roƙa aka mayar da shi ɗakin gwaji. Ya fi shekara ashirin a ɗakin nan. Bai iya karanta rubutun jikin kwalabe ba, amma ya san kowace da kalar murfinta da warinta da inda take zama, kuma ban taɓa jin ya ɗauko wata a madadin wata ba.

Ina da kamar shekara goma Goggo ta zo da ni Gumel, muka biya makarantar don ta gaishe shi. Muka same shi yana haɗa kayan tacewa. Akwai wani mazurari na farin tangaran, cikinsa a shimfiɗe yake da ƙananan huji irin na rariya. Ya ɗora masa wata farar takarda zagayayya, ya ɗiga mata ruwa ta manne. Mazurarin yana zaune a bakin wata kwalba mai kaurin jiki, wadda ke da ɗan hanci a gefen wuyanta, daga hancin kuma tiyon roba ya tafi zuwa wani ƙaramin inji mai zuƙe iska. Bai dube ni ba. Goggo ya duba ya ce, "Adda, tsaya ki ga wani abu." Ya zuba ruwan kududdufi jajir, ya kunna injin. Kafin a ce me, ruwa ya sauko cikin kwalba garau, laka ta tsaya a sama ta daskare.

Goggo ta riƙe haɓa ta ce, "Ai gasara kake tacewa, sai dai taku ta boko ba ta da haƙurin jira."

Ya yi dariya, ya yi mata bayani dalla-dalla: injin yana janye iskar da ke cikin kwalba, sai iskar waje ta danno ruwan ta cikin takarda da ƙarfi. Goggo ina ruwanta da iska? Ita hankalinta yana kan motar da za mu koma. Ko a lokacin na gane ba ita ake yi wa bayanin ba. Da za mu tafi ya ɓamɓaro takardar da lakarta ya miƙa wa Goggo ya ce, "A ba yara su yi wasa." Ni kaɗai ce yarinya a wurin.

Idan aka tambaye ni abin da ya sa na karanci kimiyyar sinadarai nakan ce sha'awa ce. Gaskiyar ita ce ɗakin nan nake so in shiga. Na yi jami'a a Kano, aka fara tura ni koyarwa Gagarawa, na yi ta kai takarda ina neman canji har aka gaji da ni aka mayar da ni makarantar Baffa. A zatona idan muka wuni a ɗaki ɗaya, aiki zai tilasta masa ya yi mini magana kamar yadda yake yi wa kowa.

Ashe ban san Baffa ba. Ranar da na kama aiki ina shiga ya miƙe tsaye ya ce, "Sannu da zuwa, Malama," yana kallon allo. A takarda ni ce shugabarsa, shi kuma ya riƙe wannan ya yi garkuwa da shi. Duk abin da zai faɗa mini, iska yake faɗa wa. Zai tsaya jikin taga ya ce, "Idan aka jiƙa takarda ta fi kamawa." Ko kuma yana goge tebur ya ce, "Ana zare tiyo kafin a kashe inji." Ɗalibai ba su daɗe ba suka gano mahaifina ne, suka riƙa ƙunshe dariya, har akwai masu kwaikwayonsa a bayan aji. Ni kuwa duk abin da ya faɗa wa tagar nan sai in bi, don ban taɓa bin maganarsa na ji kunya ba. Abubuwa da yawa da na zo da su daga jami'a a baki kawai suke, a wurinsa na koye su a hannu.

Yana da wata al'ada. Duk safiyar da za a yi tacewa sai ya fito da kwalaben masu hanci, guda biyu ne kacal a makarantar, babba da ƙarama. Ya ɗaga kowace ya duba ta a hasken taga, sannan ya ƙwanƙwasa ta da farce ya kara kunne, yadda mata ke yi wa tukunya a kasuwa. Yakan ce kwalba lafiyayya tana amsawa. Dalilinsa kuwa mai ƙarfi ne, na kuma san shi a karatu: kwalbar da aka zuƙe wa iska, iskar waje tana matsa ta ta kowane gefe, idan tana da tsaga komai ƙanƙantarta tana iya rubzawa ciki ta watso gilashi.

Shekara biyu muka yi a haka. Saura zango ɗaya ya yi ritaya sai aka yi mini ƙarin girma, a makon kuma autarmu ta gama sakandare. Muka haɗu a gida ranar Asabar. Ina zaune a tsakar gida ya kira autar da sunanta, ya dafa kanta, ya sa mata albarka har muryarsa tana rawa. Da Goggo ta ce masa, "Ga kuma ta wajena an ƙara mata girma," sai ya dubi turken awaki ya ce, "An ce an yi ƙoƙari. Madalla."

Na bi Goggo ɗaki ina huci. Na ce, "Goggo, ni tsintata aka yi ne? Da aurena, da 'ya'yana biyu, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ko kalar yadda zai fito ban sani ba."

Ta ce, "Ke dai boko ya cika miki kai. Kunyar da yake ji taki ai ita ce girmanki. Wa yake miƙewa tsaye dominsa a cikin ƙannenki?"

Na ce, "Ni ban son girman. To wallahi daga Litinin, duk maganar da ba a ce da ni ake ba, ban ji ta ba."

Ta ce, "Kul! Kada ki soma." Amma ni na riga na ƙudurta. Zuciya gare ni tun ina ƙarama, Goggo ta sha faɗa mini cewa ita za ta kai ni ta baro.

Mako biyu na yi ina yi masa kunnen uwar shegu. Ya ce a jiƙa takarda, na ƙi jiƙawa, laka ta sulale ta gefe ta ɓata ruwan a gaban ɗalibai, na ce musu da gangan na yi don su ga illar rashin jiƙawa. Ya ce an bar fitilar gas a kunne, na ci gaba da rubutu a allo har ya zo ya kashe da kansa. Bai canza fuska ba, bai kuma canza salon maganarsa ba. Abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan, ina ta fushi shi kuma yana ta gyara ɓarnata a hankali.

Ranar wata Alhamis na ba da saƙo ta hannun shugabar makaranta, don ni ma na daina yi masa magana kai tsaye, ya je kasuwar Maigatari ya sayo kanwa irin mai ƙasa-ƙasa. So nake in nuna wa 'yan aji biyar yadda ake narkar da ita, a tace, a raba ta da laka. Litinin da safe na shigo na same shi da kwalaben. Ya ƙwanƙwasa ƙaramar ya ajiye. Ya ƙwanƙwasa babbar, ya sake, ya ɗaga ta a taga ya daɗe yana juya ta. Ya zaro jan zare daga aljihunsa ya ɗaura mata a wuya, ya tura ta can ƙuryar kabad. Sannan ya ce wa taga, "Babbar kwalba ta gaji. Kada a ɗora mata iska."

Ina rubutu a tebur, ban ɗago ba. Babu wuta ranar, sai ya fita bayan ɗaki tayar da janareta, wanda sai an yi ta lallaɓa shi yake tashi.

Na buɗe kabad na ɗauko kwalbar. Na duba, sai da ƙyar na ga abin da ya gani: wani ɗan tabo kusa da gindi, bai fi ƙafar ƙuda ba. Na ce a raina, a jami'a mun yi aiki da waɗanda suka fi wannan lalacewa. Ga ajin da yawa, ƙaramar kwalba na baya ba za su gani ba, kuma nan da nan take cika. Duk waɗannan dalilai gaskiya ne, amma ba su ne suka sa na kwance zaren ba. Na kwance shi ne don taga aka faɗa wa. Na jefa shi cikin jakata, na haɗa kaya, ɗalibai suka shigo suka yi mini zobe.

Janareta ya tashi. Na jiƙa takarda, na kunna inji, na fara zuba ruwan kanwa. Da farko ya sauka da gudu, 'yan mata suna ta "kai!". Can laka ta toshe takardar, ruwan ya koma ɗigo-ɗigo, muryar injin ta canza ta yi nauyi. A nan ne iska ta fi matsa kwalba, na kuma san haka. Daidai lokacin Baffa ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa yana goge baƙin mai a hannunsa, ɗalibai cike tsakanina da shi.

Ya ce, "A zare tiyo, a kashe inji."

Na ji shi. Na ci gaba da bayani.

Ya ɗan ɗaga murya ya ce, "Malama, a zare tiyo."

Na ji wannan ma. Har hannuna ya motsa, na mayar da shi. A raina na ce, yau sai ka faɗa.

Sai ya faɗa. Ya kira sunana da ƙarfi, cikakke, da irin lafazin da Goggo ke kiransa idan ta koma Fillanci. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: a wannan ƙiftawar ido daɗi na ji. Daɗi ne ya cika mini ƙirji har na juya ina kallonsa, maimakon in zare tiyon da ke gabana. Ya keto 'yan matan, ya ture ni da kafaɗa, ya sunkuya ya kai hannu ga hancin kwalbar. Kafin ya zare tiyon ta rubza. Ƙarar ba ta fi ta tulun da ya faɗi ba. Mazurarin ya rufta, ruwan kanwa da gilashi suka watsu, ɗalibai suka fashe da ihu suka yi waje. Shi kuwa yana durƙushe, tafukansa biyu a fuska, jini yana bin tsakanin yatsunsa. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Yara ba su ji ciwo ba?"

Babu ɗalibar da ko ƙwarzane ta yi. Ni ɗan yanka na samu a wuyan hannu, ya warke cikin mako. Daga asibitin Gumel aka tura mu Kano. Idon dama ya tafi. Na hagu kuwa tun tuni yanar ido ta lulluɓe shi, ashe da na daman yake duba mana kwalabe duk shekarun nan, ban sani ba, don ban taɓa samun kallon cikin idonsa ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, shi ya doka.

Da shugabar makaranta ta zo dubiya ta tambayi yadda abin ya faru, ina tsaye a bakin gado, ya riga ni magana. Ya ce, "Hajiya, laifina ne. Na ga kwalbar ta gaji, ban fitar da ita daga ɗakin ba. Tsufa ne." Aka rubuta haka, aka rufe maganar. Zaren yana cikin jakar da ke rataye a kafaɗata.

Ya koma Ɗanzomo kafin lokacin ritayarsa ya cika. Duk ƙarshen mako nakan hau mota zuwa Sule Tankarkar in ɗauki acaɓa in ƙarasa. In same shi a gindin dalbejiyar ƙofar gida, kansa a karkace yana sauraren awaki, yana gane kowace da kukanta. In durƙusa in gaishe shi, ya ce, "An zo lafiya? Ya yara?" Sunan bai sake fitowa ba, ni ma ban sake nemansa ba. Kowane zuwa da niyyar faɗa masa nake zuwa, tun a mota nake shirya kalmomin, in na durƙusa gabansa sai in tsaya a gaisuwa kawai.

Wata ranar Lahadi da hantsi, Goggo tana zaune kusa da shi tana ɓarar gyaɗa, sai ya juya wajenta ya ce, "Adda, a ba Malama haƙuri. Na yi mata abin kunya a gaban ɗalibanta, na kama suna, na kuma ture ta. Janareta ne da inji, ƙara ta yi yawa, ba a ji ni ba. Da na ɗaga murya tun farko da ba a kai ga haka ba."

Na buɗe baki. Goggo, wadda ita kaɗai ta san rantsuwar da na yi, ta zuba mini ido ta girgiza kai a hankali. Har yau ban san ko ni take karewa ko shi ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ba komai, Baffa." Ni da na makantar da shi, ni na ce masa ba komai. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka har gyalena ya jiƙe, na wanke fuska na fito na dama masa fura.

Damina biyu ya ƙara gani, in ana ce wa hakan gani. Da ciwon ajali ya kwantar da shi aka kira mu duka. Ya nemi gafarar kowa da sunansa, da ya zo kaina ya ce, "Ta wajen Adda ma a yafe mini." Na matsa na kama hannunsa, karo na farko a rayuwata, na ce, "Baffa, ni ce zan nemi gafara. Ranar nan a makaranta..." Ya ɗan matse yatsuna ya tare ni. Ya ce, "Ba a yi mini komai ba." Ɗakin cike yake da mutane, ban ƙarasa ba. Washegari bayan azahar ya cika.

Ina nan a makarantar har yanzu. An sayo sabuwar babbar kwalba. Duk safiyar tacewa nakan ɗaga ta a taga in ƙwanƙwasa da farce in kara kunne, ɗaliban yanzu da ba su san shi ba suna yi mini dariya, ina ƙyale su. Jan zaren yana cikin akwatina tare da takardar nan mai busasshiyar laka da aka ce a ba yara.

Na daɗe ina rarrashin kaina da abu ɗaya, cewa ko ba komai ya tafi bai san da gangan na yi ba, ya tafi yana zaton ƙarar inji ce. Bara, wata ranar da babu wuta, ina tsakiyar tacewa, janareta yana ruri a bayan ɗaki, injin yana ja, sai wata abokiyar aikina ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni makullin kabad. Ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan. Na amsa mata ban ko juya ba, sai da na amsa gabana ya faɗi. Na zare tiyo, na kashe inji, na nemi kujera na zauna. Shekara biyu Baffa ya yi yana yi wa iska magana daga jikin taga da bakin ƙofar nan, da janareta a kunne, ina ji ina bi, yana kallo. Shekara ashirin ya yi da injin nan, ya fi ni sanin iyakar ƙararsa. Ya san na ji shi.